Karatun gaba da digiri ga mai son zama masanin halayyar ɗalibai

Babu makarantar firamare ko sakandare a cikin garin Kaduna, daga Kawo har Sabon Tasha, da mutum zai shiga ya rasa yaran da malamai suka riga suka yanke wa hukunci. Wannan an ce daƙiƙi ne, wancan an ce taurin kai gare shi, waccan kuma an ce iska ce ke taɓa ta, kuma da zarar an laƙaba wa yaro irin wannan suna sai kowa ya huta da bincike, shi kuwa ya ci gaba da zama a bencin baya har ranar da zai daina zuwa makarantar gaba ɗaya. Aikin masanin halayyar ɗalibai shi ne ya ƙi amincewa da wannan hukunci har sai ya binciki abin da ke hana yaron karatu, sannan ya zauna da malami da iyaye a tsara yadda za a taimake shi. Malamai matasa da dama, musamman waɗanda suka gama bautar ƙasa suka sami koyarwa a makarantun kuɗi, sukan tambaye ni hanyar da ake bi a kai ga wannan aiki, kuma amsar da nake ba su ita ce darajar karatun gaba da digiri a wannan fanni tana ga yawan lokacin da ɗalibi ya yi tare da yara na gaske, wani gwani yana duba abin da yake yi yana gyara masa. Duk sauran abubuwa, har da kundin binciken da ake ta fama a kansa, suna biye da wannan ne.

Tun asalinsa ma fannin a gaban yaro ya fara. A 1896 Lightner Witmer ya buɗe ɗakin duba yara a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka bayan wata malama ta kawo masa wani yaro da ya kasa rubuta kalmomi daidai, kuma cikin abubuwan da ya gano har da matsala a idon yaron. A 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka fitar da gwajinsu a Faransa, da nufin a gano yaran da ke bukatar taimako na musamman a cikin aji. A Ingila hukumar birnin Landan ta ɗauki Cyril Burt wannan aiki a 1913, a Amurka kuma jihar Connecticut ta ɗauki Arnold Gesell a 1915, shi ne kuma ake lissafawa a matsayin na farko da aka kira masanin halayyar ɗalibai na makaranta a ƙasar.

Ƙasashen da suka daɗe da wannan aiki sun gina horonsu a kan aikin fili. A Amurka wanda ya gama digiri na farko yakan yi kusan shekara uku yana karatun gaba, kuma shekarar ƙarshe ta koyon aiki ce ta awa 1,200, wadda aƙalla awa 600 daga ciki dole a cikin makaranta za a yi su, ƙarƙashin wani da ya riga ya sami lasisi. Ƙungiyar masu wannan aiki ta ƙasar, wadda aka kafa a 1969, tana ba da shawarar a sami masani ɗaya ga kowane ɗalibai 500, ko da yake su ma jihohinsu da yawa ba su kai ga haka ba. A Ingila kuwa tun 2006 sai mutum ya yi digiri na uku na shekara uku, wanda mafi yawansa a makarantu da ofisoshin ilimi na ƙananan hukumomi ake yin sa, kafin a yi masa rajista. Na kawo waɗannan alƙaluma ne domin mai niyya ya san ma'aunin da duniya ke amfani da shi, ya kuma kwatanta da abin da za a ba shi a gida.

A Najeriya babu wata hanya guda miƙaƙƙiya da ke ɗauke da sunan wannan aiki. Abin da ya yi ƙarfi a wurinmu shi ne jagoranci da ba da shawara, wanda masu tarihin fannin ke cewa ya faro a 1959 a makarantar St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan, lokacin da sistocin makarantar suka gayyato mutane masu sana'o'i daban-daban su yi wa 'yan matan da za su fita bayanin ayyukan da ke gabansu. An kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa, CASSON, a 1976, manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ambaci bukatar masu ba da shawara a makarantun gaba da firamare, sannan a 2022 aka sa hannu a dokar da ta kafa majalisar kula da masu wannan sana'a. Saboda haka ƙofa biyu ce a gaban mai niyya a tsangayar ilimi, wato digiri na biyu a ilimin halayyar koyo da koyarwa, ko kuma digiri na biyu a jagoranci da ba da shawara. Na farko ya fi ba da ƙarfi ga yadda yara ke girma da yadda suke koyo da yadda ake auna su, na biyu kuma ya fi ba da ƙarfi ga zama da mutum a saurare shi a taimake shi ya yanke shawara. Mai son aikin da nake magana a kai yana bukatar duka biyun, don haka ko wanne ya zaɓa sai ya ɗebo ɗayan ta hanyar darussan zaɓi da karatun kansa.

Ga mazaunin Kaduna, wuri mafi kusa shi ne Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda tsangayarta ta ilimi a Samaru ke da sashen da ya haɗa fannonin nan biyu, kuma tafiyar ba ta wuce kusan kilomita 80 ba. Wanda zuciyarsa ta fi karkata ga yara masu bukata ta musamman, kamar kurame da makafi da masu jinkirin fahimta, ya duba Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos, domin dukansu suna da sashen ilimin musamman. Galibi ana neman digiri na farko mai daraja ta biyu, da takardar bautar ƙasa, da cikakkiyar takardar sakamako daga jami'ar da mutum ya gama, kuma ina ba da shawara a fara neman wannan takarda tun kafin a fara sayar da fom, saboda ita ce ta fi jinkirta mutane. Wanda digirinsa ba na koyarwa ba ne, misali wanda ya karanci ilimin halayyar ɗan Adam zalla ko ilimin zamantakewa, yawanci sai ya fara yin difilomar koyarwa ta PGDE, kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, wadda aka kafa a 1976 kuma hedikwatarta ke nan Rigachikun a kan hanyar Zariya, tana bayar da ita ta hanyar karatu daga nesa. Rajistar TRCN, wato hukumar yi wa malamai rajista ta ƙasa, ma tana da amfani, tunda a matsayin malami za a fara ɗaukar mutum a yawancin makarantu.

A shekarar farko ana zama a aji ne. Za a bi ra'ayoyin Piaget da Vygotsky a kan yadda tunanin yaro ke bunƙasa, da na Skinner da Bandura a kan yadda ɗabi'a ke kafuwa, da hanyar Carl Rogers ta sauraron mutum ba tare da yanke masa hukunci ba. Ɗalibai sukan so waɗannan darussa domin suna da daɗin karatu, amma darasin da na ga ya fi raba gwani da wanda ya riƙe takarda kawai shi ne na gwaji da awo, tare da ƙididdigar da ke ƙarƙashinsa, kuma shi ne mutane ke gudu. Maki a gwajin basira ba shi da ma'ana shi kaɗai, sai an kwatanta shi da makin dubban yara sa'o'in yaron waɗanda aka gwada lokacin da ake tsara gwajin. Gwajin Wechsler na yara, wanda ya fara fitowa a 1949, da yaran Amurka aka daidaita shi, kuma wani ɓangarensa ya dogara da sanin kalmomin Turanci da abubuwan da yaro ya saba gani a can. Idan aka ɗauko shi aka gwada yaron Rigasa da bai taɓa hira da Turanci ba, aka kuma duba makinsa a jadawalin can, daidai yake da a auna hatsi da mudun wata kasuwa a biya da farashin wata. Ko gwajin Raven na 1938, wanda zane-zane ne babu kalmomi, sabo da takarda da fensir da irin wasannin da yaro ya taso da su suna tasiri a makin da ake samu. Ɗalibin da ya fahimci wannan ba zai taɓa rubuta wa yaro cewa yana da ƙarancin basira daga zama ɗaya ba, domin ya san takarda irin wannan tana iya bin yaro har girmansa.

Matsalar harshe a Kaduna ta fi ta garuruwa da yawa sarƙaƙiya. A aji guda a Kakuri ko Narayi za a sami yaron da Gbagyi ake yi a gidansu, da na Bajju, da na Atyap, da Bafulatani, da Bahaushe, dukansu suna wasa da Hausa ko Turancin buroka a waje, ana kuma yi musu jarrabawa da Turancin littafi. Kafin a ce yaro ya kasa fahimta, wajibi ne a tabbatar da wane harshe aka yi masa tambayar, da kuma wane harshe yake tunani da shi.

Akwai wani yaro ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare da aka turo mini da ƙorafin cewa ba ya amsa tambaya kuma yana faɗuwa kowace jarrabawa. Littattafansa na rubutu tsaf suke, rubutun hannunsa ya fi na yawancin 'yan ajin kyau, kuma wannan ne ya sa aka ɗauka ganganci yake yi. Na zauna a bayan ajin ina lura da shi, sai na ga duk lokacin da yake kwafe daga allo yakan ɗaga kai ya kalli harafi ɗaya ko biyu, ya sunkuya ya zana su, ya sake ɗagawa, alhali na kusa da shi yana ɗaukar jimla rabi a kallo ɗaya. Da na kira shi ofis na buɗe littafinsa na ce ya karanta mini abin da ya rubuta da hannunsa, sai ya yi shiru hawaye suka cika idonsa. Na karanta masa wani gajeren labari da Hausa na yi masa tambayoyi da baki, ya amsa su duka, har ya ƙara da dalilin da ya sa yake ganin mutumin cikin labarin bai kyauta ba. Fahimtarsa lafiya lau take, karatu ne bai iya ba, kuma ya yi shekaru yana ɓoye hakan da kyakkyawan rubutu. Da mahaifiyarsa ta zo ta ce, “Malama, ni dai an ce mini ba ya ja, babansa kuma ya ce a kai shi gareji ya koyi aikin hannu.” Na ce mata, “Hajiya, aikin hannu abin alfahari ne, amma ku ba mu zango ɗaya tukuna, a fara duba idonsa da kunnensa a asibiti, mu kuma mu koma da shi kan sautin haruffa kullum kafin a shiga aji.” Duk matakan nan, daga lura a aji zuwa yadda ake magana da uwa ba tare da an kunyata ta ko an saɓa wa maigidanta ba, a littafi ana ambatonsu, amma hannu ba ya faɗawa sai an yi su sau da yawa wani yana gyara wa mutum.

A nan ne horonmu ya fi rauni. A jami'o'inmu da dama aikin fili na 'yan makonni ne, ɗalibi ya kai takarda makarantar da ya zaɓa, ya cika littafin rahoto, mai dubawa ya leƙo idan hali ya yi, a ba da maki. Ban ɗora laifin a kan malaman jami'a ba, domin mutum ɗaya yakan riƙe ɗalibai masu yawa ga koyarwa ga duba kundaye, kuma makarantun da ake tura ɗaliban sau da yawa babu ƙwararren da zai karɓe su. Amma tunda haka abin yake, ɗalibi ne zai gina wa kansa abin da tsarin bai ba shi ba. Ya nemi makaranta guda ya lizimce ta tsawon shekarar karatu, ko da yini ɗaya ne a mako, domin ya ga yaro a zangon farko ya kuma ga abin da ya zama a zango na uku. Ya nemi wanda ya daɗe a aikin, ko a wata makaranta yake, su riƙa zama lokaci-lokaci yana kawo masa bayanin yaran da yake bi ba tare da sunayensu ba, shi kuma yana nuna masa inda ya yi gaggawa. Ya rubuta awannin da ya yi da irin aikin da ya yi a cikinsu, mai dubawa ya sa hannu, domin wannan rubutu zai yi masa amfani ranar da zai nemi aiki ko ƙarin karatu a waje. Kafin ma ya sayi fom, ya je sashen ya tambayi ɗaliban da ke ciki tsawon aikin filinsu, da ko akwai kayan gwaji da ake bari su taɓa da hannunsu, da kuma shekarun da mutane ke yi kafin su kare kundi.

Kundin bincike ma ana iya mayar da shi aikin fili. Abin da aka saba shi ne a ɗauki take a kan alaƙar wani abu da sakamakon jarrabawa, a duba jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 a fitar da adadin waɗanda za a tambaya, a raba takardun tambayoyi, a zuba amsoshin a manhajar ƙididdiga ta SPSS, a kare a gaban malaman sashe sannan a gaban mai jarrabawa daga waje. Wannan yana ba da digiri, amma ɗalibi yana iya gama shi bai zauna da yaro ko ɗaya ba. Na fi son in ga wanda ya tsara gajeren gwajin karatu da Hausa ya daidaita shi da yaran makarantun Igabi ko Kaduna ta Kudu, ko wanda ya gwada wata hanyar koyar da haruffa ga 'yan sakandaren da ba su iya karatu ba ya auna su kafin da bayan, ko wanda ya bi diddigin abin da ke faruwa da yaran da suka tashi daga makarantar allo suka shiga boko da shekaru. Irin wannan bincike ya fi wahala kuma ya fi cin lokaci, sai dai idan an gama akwai abin da malamin aji zai ɗauka ya yi aiki da shi.

Wanda zai yi wannan aiki a jihar Kaduna dole ya shirya wa abin da littattafan waje ba su cika tsayawa a kansa ba. A 2021 an sace ɗalibai a kwalejin gandun daji ta Afaka, da Jami'ar Greenfield, da makarantar Bethel Baptist inda aka tafi da yara sama da 100, a watan Maris na 2024 kuma aka kwashe 'yan makarantar Kuriga a ƙaramar hukumar Chikun, aka dawo da 137 bayan sama da mako biyu. Bayan waɗanda aka ji labarinsu, akwai yara masu yawa da iyayensu suka baro ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa da Kajuru suka shigo gari, suna zaune a azuzuwanmu ba tare da kowa ya san abin da idonsu ya gani ba. Irin wannan yaro yana iya firgita da ƙarar ƙofa, ko ya riƙa barci a aji domin ba ya iya barcin dare, ko ya zama mafaɗaci, sai a hukunta shi a kan alamar ciwo. Mai karatun gaba ya nemi horo a kan taimakon farko ga wanda ya shiga firgici, ya kuma san iyakarsa, domin shi ba likita ba ne kuma ba ya rubuta magani. Yaron da ke maganar kashe kansa, ko mai faɗuwa irin ta farfaɗiya, ko wanda ya yi nisa a shan tiramol da makamantansa, asibiti ya kamata a kai shi, kuma muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa. Iyaye da yawa suna jin nauyin sunan wurin, wasu kuma sun riga sun fara ruƙiyya ko addu'a a coci, kuma ban taɓa ganin amfanin yi musu gardama a kan imaninsu ba. Abin da ke aiki shi ne a ce musu su ci gaba da addu'a, a haɗa da ganin likita, a kuma yi musu bayanin abin da za su tarar idan sun je.

Riƙe sirri wani darasi ne da ake gamawa a awa biyu a jami'a amma ake fuskantarsa kullum a makaranta. Shugaban makaranta zai so ya san abin da yarinya ta faɗa, malamin aji ma haka, kuma idan magana ta fita sau ɗaya babu ɗalibin da zai sake taka ƙofar ofishin. A ɗaya ɓangaren kuma akwai abin da ba ya halatta a ɓoye, kamar cin zarafin yaro ko barazana ga ransa, don haka tun a zaman farko ake gaya wa yaro cewa sirrinsa a rufe yake sai dai idan akwai cutarwa. Ya kamata mai wannan aiki ya karanta dokar 'yancin yara ta ƙasa ta 2003, da dokar kula da kare yara ta jihar Kaduna ta 2018, da dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman da aka sa wa hannu a 2019, da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023 wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ya kuma san inda cibiyoyin Salama suke a manyan asibitocin jihar domin waɗanda aka yi wa fyaɗe.

Game da kuɗi da lokaci, a takarda digiri na biyu shekara biyu ne ko ƙasa da haka, amma yajin aiki da jiran ranar kare kundi sukan tsawaita shi, don haka mai iyali ya yi lissafinsa da rara. Tallafin TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, malamin firamare ko sakandare kuwa yawanci daga albashinsa zai biya, sai dai ya nemi izinin tafiya karatu daga ma'aikatarsa tun da wuri kuma a rubuce. Bayan an gama, abin da ya fi yawa shi ne a bar mutum a matsayinsa na malami a ƙara masa da ofishin ba da shawara, a kuma ci gaba da ba shi darussa cikakku kamar kowa, ta yadda lokacin ganin yara sai a hutun tara. Wanda ya sami wannan matsayi ya zauna da shugaban makaranta tun makon farko ya nemi a rage masa darussa, a ba shi ɗaki mai ƙofa da akwati mai makulli na ajiye bayanan yara, a kuma sa masa lokaci a jadawalin mako wanda zai riƙa shiga azuzuwa yana lura. Manyan makarantun kuɗi da ƙungiyoyin da ke aiki da 'yan gudun hijira sun fara neman masu wannan ilimi, kuma a wurin ganawar ɗaukar aiki sukan kawo labarin wani yaro su ce mai nema ya faɗi abin da zai fara yi da shi ranar Litinin da safe, da wanda zai kira, da abin da zai rubuta.